Layi Biyu a Kan Farar Takarda

Damina ta yi nisa lokacin da muka kai ƙaramin yaronmu gwajin sikila. Mun jira har ya fara zama da kansa, domin an ce mana jinin jariri ba ya gama nuna halinsa sai ya haura wata shida. A cikin wannan jiran ne yayarsa ta rasu. Ita ce 'yar farina, sikila ta ɗauke ta tana aji biyu na firamare. Abin da ya rage mana mu sani shi ne ko shi ma da irin jininta ya zo.

Daga Samaru muka hau bas, ni da baban yaran. Tun bayan rasuwar ban cika rarrabe barci da farke ba. Na tuna masara ta yi kore shar a wajen Palladan, na tuna wata mata ta riƙe mini lema har na gyara goyo, amma fuskarta ta ɓace mini. Da muka sauka a Muchia cikin Sabon Gari, baban yaran ya tsaya a rumfar wani mai facin taya.

"Ki shiga kawai," ya ce. "Ina nan."

Ɗakin gwajin yana bayan wani kemis. Mai wurin 'yar kudu ce, amma a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta tas. Kowa Madam yake ce mata. Shekaru muna kai mata marigayiya, har mun saba.

"'Yar Samaru, ya haƙuri?"

"Da godiya, Madam."

Ta leƙa bayana. "Kai, dubi kumatu! Angona, kai ne kake cinye mini ƙawa haka? Sauko da shi mu ga ƙarfinsa."

Ta ɗebi jininsa kaɗan, ya tsala ihu, ta ce ashe angon nata rago ne. Da yake babu wasu masu jira, ta bar ni na zauna a ciki ina ba shi nono, ina kallon hannunta. Ta wanke jinin da ruwan gishiri, ta sa shi a wani inji mai juyi har ya kwanta a ƙasa. Ta tsiyaye na saman, ta zuba wani ruwan, sai ya tsinke ya yi ja garau kamar zoɓo. Daga nan ta ɗauko wata farar takarda siririya mai santsi, ta jiƙa ta, ta shimfiɗa a kan wani ɗan akwatin roba mai ruwa gefe da gefe. Takardar ta zama kamar gada. Wayoyi biyu suka fito daga akwatin, ja da baƙa.

"Wuta ce za ta ja shi daga wannan bakin zuwa wancan," ta ce. "Jini mai lafiya yana da sauri. Na sikila kuma baya yake zama. Amma ba a sakin jini shi kaɗai. Sai an jera shi da waɗanda aka riga aka san halinsu, in ba haka ba wa zai ce ya yi sauri ko ya makara?"

Ta buɗe firij ta fito da 'yan kwalabe biyu. Ta farko ta ce nata jinin ne, ba shi da sikila ko kaɗan. Da ta zo kan ta biyu sai ta riƙe ta, ba ta buɗe ba.

"Ƙawata, kin tuna kafin ki haihu na roƙe ki in ajiye kaɗan daga jinin yarinyarki, in riƙa auna na mutane da shi? Kika ce babu komai."

Na manta. Sai da ta faɗa na tuna.

"Shi ne wannan. Ko wuta ta daɗe ba ta zo ba, cikin kula mai riƙe sanyi nake sa shi, in kai wa masu kifi su ajiye mini a ƙanƙara. In zai dame ki, sai in nemo na wani, ku dawo jibi."

A gidanmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yi mata wasa a gaban mutane. Haka na taso na gani, haka na yi. Ranar da aka ɗauke ta ma na zauna cikin mata idona a bushe, suna yaba haƙurina. Ban taɓa zaton akwai sauran wani abu nata a bayan ƙasa ba, ban da rigar makaranta da takalmi. Ga shi a Sabon Gari, tana ta taya Madam aiki ban sani ba.

Na ce ta ba ni in riƙe. Kwalbar ba ta kai ɗan yatsana tsawo ba, sanyi ƙalau. Na riƙe har Madam ta ce kada ta ɗumama, na miƙa mata.

"A sa su tare," na ce.

Ta ɗiga su a jere a bakin takardar: nata, na marigayiya, na yaron. Ta rufe akwatin, ta kunna.

Ruwa ya sauko a kan kwano. Yaron ya yi barci a cinyata. Murfin akwatin ya yi gumi daga ciki, ta cikinsa nake hangen jajayen ɗigo uku. In na zuba musu ido sai in ga ba sa motsi, in na kau da kai na dawo sai in tarar sun matsa. Can sai na ga kamar hanyar makarantarsu ce da safe. Yara sun yi gaba da gudu, jakunkuna na dukan bayansu. Ita tana tafe a hankali, ta tsaya gindin mangwaro ta huta, ta waiwayo ko ina kallonta daga ƙofa. Kullum ina kallonta. A raina na ce wa yaron: ka wuce ta, don Allah, kada ka tsaya jiranta. Sai kuma na ji nauyin abin da na roƙa.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Madam ta kashe wutar, ta tsoma takardar a wani jan rini, ta ɗauraye ta a ruwa mai warin tsami har ta koma fari, layuka kawai suka rage. Ta ɗaga ta wajen taga.

"Zo ki duba da kanki."

Na Madam ya yi gaba, layi ɗaya. Na marigayiya yana baya, layi ɗaya mai kauri. Na yaron ya rabu biyu: ɗaya ya kamo na Madam, ɗaya ya tsaya daidai kafaɗar yayarsa.

"Madam, wane ne nasa a ciki?"

"Duka biyun. Gefe ɗaya kawai ya ɗauko, kamar ke, kamar babansa. AS ne. Ba zai yi ciwon ba." Ta ja ƙafar yaron. "Sai dai kai, ranar da ka ga budurwa, ka fara kawo mini ita kafin a kai goro. Ka ji ko?"

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu daban. Madam ta ja labule, ta shiga wanke kwalabenta, ta bar ni har na gama.

Da na fito ruwa ya tsagaita. Baban yaran yana tsaye a wajen rumfar, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ga benci a ciki babu kowa a kai. Daga nesa na ɗaga masa yatsu biyu.

"Biyu me?" ya ce. "Ke, biyu me?"

"Layi biyu. Ba shi da shi."

Ya sa na maimaita. Sannan ya kwance yaron daga bayana, abin da bai taɓa yi a kan titi ba, ya ɗora shi a kafaɗa, muka nufi tasha a ƙafa.