Jar Datsun a Gonar Umm Salal

Surajo Nababa direba ne, mutumin Tudun Wadar Kaduna, kuma a duk Hausawan da na zauna da su a Doha ban ga marar magana kamarsa ba. Ni Ɗalhatu, da nake gadin wani dogon bene a Al-Sadd, bakina ba ya hutawa, shi ya sa ma tamu ta zo ɗaya: ina zuba, yana gyaɗa kai. Surajo yana tuƙa wani dattijon Balarabe mai gona a Umm Salal, can wajen gari, ɗakinsa kuma yana bayan gonar, kusa da garken awaki.

Da korona ta shigo a 2020 aka kulle gari, dattijon ya daina fita, Surajo ya zauna babu aikin fari bare na baƙi. Da maigidan ya ga zaman na neman lalata shi, sai ya kai shi wata rumfa inda tsofaffin motocinsa uku suke lulluɓe da tamfol. Ya ce ya zaɓi ɗaya ya riƙa ɗebe kewa da ita, in ya tayar da ita ta zama tasa, khalas, wato shi ke nan.

Ɗaya Marsandi ce fara, batir kawai take jira. Ɗaya wata ƙatuwar motar Amurka ce mai faɗi kamar falo. Ta ukun Datsun ce ja, irin ta tsere, mai dogon hanci da kujera biyu, ƙirar 1978, tayoyinta sun kwanta, kaji sun mayar da cikinta akurki. Ita Surajo ya nuna.

Da aka sassauta kulle na je na gani da idona, na kuwa wanke shi tas. Na ce masa mutum mai hankali ba zai bar Marsandi ya ɗauki ɗakin kaji ba. Na tambaye shi inda zai sa buhun shinkafa a mota mai kujera biyu, ko kuwa tseren zai fara da furfura a gemu. Ya yi murmushi ya ci gaba da kwashe kashin kaji. Sai da na yi Juma'a uku ina zuwa kafin na gane dalilinsa.

Surajo ɗan fari ne. Mahaifinsa, Malam Nababa, bakanike ne da ya shekara arba'in a kasuwar Panteka ta Kaduna, kuma irin mutanen da ne masu tsananin kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama da shi sun yi hira ba. In zai yi maganarsa a gida sai ya ce "mutumin Ƙatar". In Surajo ya kira waya, gaisuwa ce ta minti ɗaya, sai tsohon ya miƙa wa Haulat, autar gidan. Amma tun yana yaro Surajo yake jin Baba yana ba abokansa labarin wata jar Datsun ta wani injiniyan masaƙa da ya taɓa gyarawa yana matashi, wadda har ya tsufa bai sake ganin irinta ba.

Ranar da Surajo ya juya kyamarar waya ya nuna masa motar, tsohon ya ce wa Haulat ta faɗa wa mutumin Ƙatar ya buɗe bonet. Ranar sun yi awa guda. Da farko ta bakin Haulat yake ba da umarni, a kwance kabureta, a wanke lagireto. Kafin wata biyu ya manta da ita, ya koma "kai, ƙara wuta" da "kai, ba haka ake riƙe sifana ba". Da injin ya fara tari, sai ya ce a kara masa waya kusa da shi, ya runtse ido yana saurare kamar likita, ya faɗi inda ciwon yake. Kowace Juma'a da yamma haka suke yi. Na ga Surajo, mutum mai shekara arba'in da huɗu, ana yi masa faɗa yana washe baki. Ni kaina abin ya taɓa min zuciya, ko da yake ban fasa tsokanarsa ba.

A 2021 hutun Surajo ya zo bai tafi gida ba. Ya ce killacewar korona a otal za ta cinye masa rabin kwanakin, ga kayan gyara da yake jira daga Sharjah. A watan Agustan 2022 hutu ya sake zagayowa, daidai lokacin da Haulat ta kira shi a ɓoye ta ce ƙafafun Baba sun kumbura, ya daina zuwa gareji. Surajo ya tambayi tsohon jikinsa, ya ce lafiya lau, a sa masa waya kusa da inji. Mutumin da bai iya kiran sunan ɗansa ba, ta yaya zai ce masa ya zo yana son ganinsa? Wannan lissafin bai kamata ya wuce kaina ba, amma ya wuce.

A kasuwar Asian Town muna shan shayin karak Surajo ya nemi shawarata, ya tafi ko ya tsaya. Ni kuwa a lokacin zazzaɓin Kofin Duniya ya kama ni. Na ce masa ya tsaya. Na ce saura wata uku a buɗe ƙasar ga baƙi, ya saya wa Baba tikitin wasa ɗaya, a yi masa katin Hayya na shigowa, ya ɗauko shi daga filin jirgi a jar motar, ya zaga da shi gari. Na ce meye amfanin zuwa ka zauna a tsakar gida kuna kallon ƙasa, alhali ga kujera biyu, ɗaya taka ɗaya tasa? Na iya tsara magana, wannan kam ba na musu. Idonsa ya yi haske, ya soke hutun.

Daga Oktoba maigidansa ya cika gida da baƙi daga Kuwaiti da Oman, aka ce babu direban da zai motsa sai an gama gasa. Baba kuma jiki ya ƙi, ko fasfo ba a samu kai shi ya yi ba. Ranar Talata, kwana biyu da fara wasa, Surajo yana cikin cunkoso a hanyar filin wasa na Lusail da baƙi huɗu a baya suna kaɗa tuta, Haulat ta kira ta ce Baba ya rasu. Kafin ya sauke su ya samu wurin tsayawa, an riga an kai Baba makwancinsa.

Na je masa gaisuwa ranar Juma'a. Na same shi zaune a rumfa a kan tsohuwar taya. Na buɗe baki zan nemi gafara, ya ɗaga min hannu. Ya tashi ya ɗaga bonet, ya danna wata wayar fulogi da ke lilo, ya murza makulli. Motar ta tashi lumui, ko gargada babu.

"Tun azumi ta gyaru," in ji shi. "Ni nake cire wayar kafin in kira shi. Wani makon in kwance wani abin. Tsoro nake ji in ce masa an gama, mu koma gaisuwar minti ɗaya."

Muna nan zaune Haulat ta kira, ya sa ta a lasifika saboda hannunsa duk baƙin mai. Bayan sun gaisa, ya daure ya faɗa mata abin da ya faɗa min. Sai ta ce:

"Yaya, ai ya sani. Tun bayan salla in kun gama waya yakan ce min, babu abin da ke damun motar nan, shi ne yake zare mata waya. Na ce to in gaya maka ka taho gida? Ya ce in bar ka, wai kar a ba ka kunya."

Surajo ya kashe motar. Ya tafi gida a watan Janairu, ya yi kwana arba'in ya dawo, har yanzu yana tuƙa dattijon. Datsun tana rumfa, yakan wanke ta, amma ban ƙara jin ya tayar da ita ba. Bai taɓa ce min laifina ne ba, kuma da ya faɗa da ya fi min sauƙi. Shi da Baba kunya ce ta hana su magana. Ni da babu abin da ya hana ni, na buɗe baki na ce masa ya tsaya.