Kwanon Sa'adiya da Kajin Mashkura

A Magarya, in ana lissafin matan da suka iya tsare gida, sunan Mashkura matar Maccido mai albasa ake fara kawowa, sannan a yi 'yar dariya. Rijiyar gidanta da murfi da kwaɗo. Wuƙa ba ta yini a ƙasa. Ashana tana cikin gwangwani can saman bango, inda ita kanta sai ta taka turmi take kai hannu. 'Ya'yanta huɗu, Khairiyya da ƙannenta, babu wanda ya taɓa ƙonewa ko ya kurɓi kananzir, kuma a garin da yara ke yini bakin fadama wannan ba ƙaramin abu ba ne. Zargi ne kawai ya ɓata ta. Ƙuda in ya shigo gidan, sai ta so ta san wanda ya aiko shi.

Ba haka aka haife ta ba. 'Yar garin Rara ce, kuma waɗanda suka san ta da ƙuruciya sun ce ita ce uwar surutu a dandali. Ɗanta na fari ne ya rasu yana tatata, bayan sun dawo daga wani suna. Malamar asibiti ta ce zazzaɓi ne. Amma gwaggonta da ta zo gaisuwa ta ja ta bayan ɗaki, ta tambaye ta ko yaron ya ci wani abu a hannun wani. Ya ci. An ba shi guntun masa, ita kuwa ko fuskar wadda ta ba shi ba ta riƙe ba. Gwaggo ta girgiza kai ta koma Rara, ta bar yarinya da wannan girgizar kan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sai kuma waya ta zo ta ƙara wa wutar itace. Maccido ya sayo mata babba shekarar da albasa ta yi daraja, aka sa ta cikin zauren mata na unguwa, inda kullum sai an turo saƙon murya mai tayar da hankali. Yau alawa ce da aka ce an sa wa allura, gobe wata mai lulluɓi ce da ke sace yara da lemun kwalba. Mashkura ba ta bari ko ɗaya ya wuce ta. Ta hana yara gidan kallo. Fim ɗin da za su gani a wayarta sai ta fara kallonsa ita kaɗai daga farko har ƙarshe, shi ya sa duk Magarya babu wadda ta kai ta sanin fim, ita da ta fi kowa zaginsa. Mai tallan yalo in ta yi sallama sai ta faɗi 'yar gidan wa ce, da wanda ya tsinko yalon. Wasu daga cikin tsoron nata ba abin dariya ba ne, don mutanen wannan yanki sun san abin da ake kira kwana da ido ɗaya. Ita dai nata ya wuce gona da iri.

Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinta, wato ciyayya. Maƙwabciya in ta yi girki mai daɗi sai ta zuba a kwano ta miƙo, kuma kwano ba ya komawa wayam, sai an sa wani abu ciki. Wadda ta ƙi karɓa ta yanke zumunci ke nan a bainar jama'a. Maƙwabciyar Mashkura ta jikin katanga ita ce Sa'adiya, mace mai faɗin fuska da ta girme ta, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar. Da tukunyar ɗanwake take riƙe da su. Kowace safiya takan ɗauke ta a ka zuwa bakin firamare, kafin a gama tara yara sun sayi na saye, ta dawo da ita a wanke. Katangar da ke tsakaninsu ta zube daidai kafaɗa tun wata damina, ba a gyara ba, kuma ta wannan giɓin kwano ke tsallakowa.

Mashkura ta samo dabararta. Za ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya har da sa albarka. Daga nan sai ta zagaya bayan rumbu, ta kira kajinta a hankali, ta juye musu. Ta wanke kwanon tas, ta cika shi da nata girkin, ta mayar da fara'a. Yara sun san doka, ko ƙamshi ya cika gida ba mai tambaya. Ba wai ta taɓa kama Sa'adiya da wani abu ba ne. Hasali ma tana sonta, don Sa'adiya ce ta yi mata wankan jego na autarta lokacin da nata dangin ba su samu hanyar zuwa ba. Amma so daban, cikin 'ya'ya daban. Haka aka yi shekaru, kajin gidan Maccido suka fi na kowa ƙiba.

Wata rana cikin ɗari, Sa'adiya ta miƙo dambun shinkafa da zogale, ya sha man gyaɗa. Kaji suka yi masa rubdugu kamar kullum. Kafin la'asar sai ga wata kaza wake-wake, wadda ta fi duka yin ƙwai, ta rakuɓe jikin rumbu ta sunkuyar da kai. Mashkura ta tsaya a kanta tana kallo har ta mimmiƙe ƙafafu. Tsoro ta ji, tsoro na gaske, ta shiga ɗaki ta tattaro yaran tana shafa kawunansu ɗaya bayan ɗaya. Amma can ƙasan tsoron akwai wani abu mai kama da daɗi, wanda ba za ta taɓa faɗa wa kowa ba. Shekara da shekaru ana yi mata dariya, yau ga shaida kwance a bayan rumbu.

Ba ta tunkari Sa'adiya ba. Nafisa ta faɗa wa, ƙanwar Maccido, da ta biyo aron rariya. Ta nuna mata kazar, ta nuna mata kwanon, ta roƙe ta don Allah kada maganar ta fita. Wanda ya ba Nafisa ajiyar magana kuwa ya zuba ruwa a kwando. Washegari saƙo ya shiga zauren mata. Ba a ambaci suna ba, an dai ce iyaye su yi hattara da wata mai ɗanwake a bakin firamare, kuma mai ɗanwake ɗaya ce a bakin firamare. Saƙon ya je Wurno, ya je Goronyo, ya dawo wayar Mashkura da muryar wata da ba ta sani ba. Yanzu kaji goma ne da akuya, da wani yaro da aka ce yana kwance a asibiti. Ta saurara har sau biyu, ta ce a ranta, ashe abin ya kai haka.

Ta giɓin katanga ta riƙa ganin abin da ya biyo baya. Sa'adiya ta fita da tukunya, ta dawo da ita da nauyinta. Gobe ma haka. Ta rage kwaɓi, duk da haka ya yi kwantai. Yaranta suka koma cin ɗanwake safe da rana da yamma, babbar kuma ta daina zuwa makaranta saboda abin da 'yan ajinsu ke kiranta. Kwano bai ƙara tsallakowa ba. Sa'adiya ba ta yi zagi ba, ba ta yi habaici ba, wannan shirun kuma Mashkura ta lissafa shi cikin shaida, don a ganinta mai gaskiya da ta yi ihu.

Sai kaji suka fara zubewa. Na gidan Maccido da suka ci dambu da waɗanda ba su ci ba, na gidan liman, na can bakin kasuwa inda Sa'adiya ba ta taɓa aika ko ruwa ba, har da 'yan tsakin Sa'adiyar kanta. Ciwon kaji ne irin wanda yakan zo da ɗari ya share gari, kowace tsohuwa ta san shi. Ko a nan Mashkura ba ta sauko nan take ba. Sai da ta yi yini guda tana juya tunanin ko matar ce ta bi gari tana watsa abin don ta ɓatar da sawu.

Maccido mutum ne da ba ya shiga sha'anin mata, amma ranar ya dawo daga fadama ko ƙafa bai wanke ba ya kira ta. A majalisa aka gaya masa daga gidansa maganar ta fito. Ya ce kazar farko da ta mutu a garin ma ba tata ba ce, ta gidan mai unguwa ce, tun kafin a dafa dambun. Ta fara cewa ai ita ba ta ambaci sunan kowa ba, ya katse ta.

"Marayu biyat kinka kashe ma tukunya. Haƙuri na baka ba ya tada ta. Ki tahi gidanta da rana tsaka, gaban mutane, ki ci abincinta, kowa shi gani."

Ta san gaskiya ya faɗa. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba, kuma ta yi kuka na gaske saboda Sa'adiya. Da safe ta dafa shinkafa da kifin da aka kawo daga Goronyo, ta zaɓi tsokar tsakiya ta ɗora a sama, ta rufe kwano. Ba ta bi ta giɓi ba. Ta sa mayafi ta fita ta ƙofa, ta zagaya ta titi, don a gan ta. Aka kuwa gan ta. Kafin ta gama sallama mata uku sun tuna suna da abin aro a gidan Sa'adiya, Nafisa na cikinsu.

Sa'adiya tana zaune a tabarma, tukunyar ɗanwake a gabanta, autanta yana jingine da cinyarta. Ta amsa sallama, ta ba da wurin zama, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Mashkura ta durƙusa ta ajiye kwano. Ta ce Yaya Sa'a ta yafe mata, sharrin Shaiɗan ne da tsoro, kuma kazar ma tsautsayi ne ya sa ta tsinci ɗan dambun da ya zube a ƙasa.

Sa'adiya ta dube ta, ba da fushi ba.

"Innar Khairiyya, bar batun zubewa. Dut randa nim miƙa maki kwano, ban kai ɗaki sai in ji kina kiran kaji bayan rumbu. Katangag ga ba ta da kauri. Tun shekarar hwarko na sani."

Matan da ke tsaye suka kalli juna. Mashkura ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Da ƙyar ta tambaye ta, to me ya sa ta ci gaba da aikowa.

"Na san abin da yas same ki ga ɗanki. Nac ce wata rana hankalinki shi kwanta. Naki kau ɗiyana ka ci, har su sa yatsa su suɗe kwano." Ta dubi shinkafar da aka kawo, ba ta taɓa murfin ba. "Wanga kuma in na amsa, dole in mai da kwano da wani abu ciki. Kajinki sun ƙare. Wa za ki ba?"

Nan ne wurin, Mashkura ta gane. Ta ce ita za ta ci, yanzu ma, a gaban kowa. Ta matso da gwiwa, ta buɗe tukunyar da hannunta. Ɗanwake ne mai kyau, ya sha mai da yaji, irin wanda yara ke rububi a kai kafin bakinta ya shiga tsakani. Ta yi bisimilla da ƙarfi don a ji, ta ɗauki ƙwara ɗaya. Da a ce ta jefa a baki ta tauna, da kafin azahar labari ya kai bakin firamare, Nafisa kaɗai ta isa ta kai shi.

Da niyyar ci ta ɗaga hannun, Allah ya sani. Amma da ya zo daidai fuskarta sai ya tsaya da kansa, hancinta ya sunkuyo, ta shinshina. Abin bai wuce ƙiftawar ido ba, kuma duk wadda ke wurin ta gani.

Sa'adiya ta miƙa hannu a hankali ta zare ƙwarar daga yatsunta, ta sa wa autanta a baki. Yaron ya tauna ya haɗiye, ya buɗe baki yana neman ƙari. Ta mayar da murfin tukunya, ta tura kwanon shinkafar gaban Mashkura da zafinsa.

"Ki gaida ɗiya," ta ce.