Yadda Aka Sa Na Yi Wa Mutuwar Mijina Ƙarya A Cikin Coci

Edita, ina gaisuwa, ina kuma roƙon a ba ni wuri a wannan shafi, amma a sakaya sunana. Lokacin da abin nan ya faru, ni matar manomi ce mai 'ya'ya uku, a wani ƙauye cikin ƙasar Bungudu. Mu Kirista 'yan gidaje ne a tsakiyar Musulmi tun zamanin kakanni. Rijiyarmu ɗaya, kuma ba a suna ko biki ba mu ci tuwon juna ba. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma Allah ya ba ni murya, ni nake ɗaga waƙa a zumuntar mata. Da 'yan bindiga suka matsa wa yankinmu har noma ya gagara, sai gari ya watse gaba ɗaya, kowa ya nufi inda yake da dangi. Mu muka nufi Gusau.

Maigidana dama yana fama da ciwon hanta, cikinsa ya kumbura, idanunsa sun yi rawaya. Wanda ya ɗauko mu a motarsa maƙwabcinmu ne, wani direba Musulmi, abokin maigidana tun suna yara suna kiwon awaki tare. Shi ya yi ta jigilarmu zuwa asibiti, shi ya riƙe masa kai lokacin da yake aman jini. Da rai ya yi halinsa, a bayan motarsa aka kai gawar maƙabartarmu, ya tsaya daga gefe har aka gama binnewa.

Bayan rasuwar ba ni da wurin zama. A cocin da muka fara zuwa akwai wata mata mai hali, matar ɗaya daga cikin dattawa, kowa Mama yake kiranta. Ta ba ni ɗaki a bayan gidanta, na yi ta godiya har da hawaye. Ban daɗe ba na gane irin zaman. Kwanonmu daban, kofinmu daban, yarana ba sa hawa kujerun falo, kuma idan hannuna ya taɓa nata sai ta faki idona ta je ta wanke. Amma ranar Lahadi a ƙofar coci sai ta rungume ni, tana kirana ƙanwarta. Ta saya mini atamfa sabuwa, duk da haka idan za a yi baƙi sai ta ce in ɗaura koɗaɗɗen zanen da na zo da shi daga ƙauye. Abin yana ba ni ƙyama, amma ina duba yarana in yi shiru.

Wata rana aka shirya babban taron mata, da baƙi daga garuruwa masu nisa. Mama ta kira ni ɗakinta, karo na farko da na shiga, ta ce zan ba da shaida. Na yi murna, na ce zan faɗi yadda Ubangiji ya riƙe mu a cikin ciwon maigidana. Ta yatsine fuska, ta ce ciwon hanta ba ya taɓa zuciyar kowa. Ta ce in faɗa cewa a gabana aka yanka shi saboda ya ƙi musun Yesu, kuma maƙwabtanmu ne suka nuna gidanmu. Na ce mata ba haka aka yi ba. Ta dafa kafaɗata, ta ce, "Ƙanwata, ba ƙarya ba ce, gyara ne. Ai da ba a kore ku ba, da bai mutu ba." Daga nan ta tambaye ni ko na san yadda ɗakin haya yake wuya a Gusau ga mace mai yara uku.

Na faɗa. Na tsaya a gaban ikilisiya da lasifika a hannuna, na ɗora wa mijina mutuwar da bai yi ba. Mata suna kuka, wayoyi sun ɗaga sama ana ɗauka, Mama tana bayana tana shafa mini baya. Da na yi ƙoƙarin tsallake maganar maƙwabta, sai ta matso kusa da kunnena ta tuna mini. Ranar nan ta zuba mini shinkafa da kaza a farantinta na baƙi. Na zauna ina kallon man da ya daskare a jikin naman, na kasa kai ko loma ɗaya bakina.

Bidiyon ya yi ta yawo a wayoyi. Bayan wani lokaci na je tasha zan hau mota zuwa Tsafe wurin goggona, sai ga direban nan yana lodi. Na so in ɓuya, amma ya riga ya gan ni. Ya gaishe ni kamar kullum, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya rage murya ya ce, "Maman yara, mun ga abin. Wane ne cikinmu ya nuna gidanku? In akwai shi, ki faɗa mini." Ya ce matarsa, wadda ta karɓi haihuwar autana, ta gani ta yi kuka, kuma mutanen ƙauyenmu da ke warwatse suna ta kiransa suna tambaya. Bai zage ni ba. Ya juya ya ci gaba da ɗaure kaya.

Na fasa tafiyar, na koma na faɗa wa Mama. Dariya ta yi. Ta ce shaidar ta riga ta yi aikin Allah, baƙi sun tafi da zuciya a karye, sunan zumuntarta ya kai inda bai taɓa kai ba, kuma wa zai saurari wani direban tasha? Tana magana tana gyara ɗankwalinta a madubi. Ban taɓa jin ƙyamar mutum kamar ranar ba, kuma ƙyamar ba ta tsaya a kanta ba, domin bakin da ya furta maganar nawa ne.

Na je wurin fasto na kwashe komai na gaya masa. Hankalinsa ya tashi, ya ce shaidar zur ce, kuma tunda a gaban jama'a aka yi ta, a gabansu za a warware ta. Ranar Lahadi ya ba ni dama, na miƙe na faɗi gaskiya. Babu wanda ya ɗaga waya. Mama ta ɗauki jakarta ta fita, kafin in koma gida an fito da kayanmu tsakar gida. Wasu mata suka ce na tona wa coci asiri, suka daina gaishe ni. Wata tsohuwa ce kaɗai ta riƙe hannuna, ta taya ni ɗaukar kaya zuwa tasha.

Yanzu ina Tsafe, ina soya ƙosai da awara a bakin hanya, ina sujada a wata ƙaramar coci. Na nemi gafarar direban da matarsa, sun ce sun yafe. Amma bidiyon bai mutu ba. Kwanan baya babbar 'yata ta gan shi a wayar ƙawarta, ta zo ta tambaye ni yadda mahaifinta ya rasu, alhali tana gefen gadonsa a asibiti ranar da ya cika.

Abin da na koya shi ne, bin Yesu yana cikin abin da mutum zai faɗa game da maƙwabcinsa lokacin da maƙwabcin ba ya nan. 'Yan'uwana mata, musamman waɗanda aka mutu aka bari da yara, ku yi hankali da mai rungumarku a ƙofar coci yana wanke hannu a gida. Kada ku yarda wani ya gyara muku labarin baƙin cikinku, ko da zai kai ku ga kwana a tasha. Ku kuma masu tura duk abin da ya shigo wayarku, ku riƙa tambaya kafin ku tura. Idan kun ci karo da wata mata a Gusau tana kuka tana cewa maƙwabtanta sun nuna gidanta, ni ce, kuma ƙarya nake yi. Ku goge shi.