Lallen da Saudatu Ta Sa wa Bilkisu

A Ƙofar Marusa kowa ya san Saudatu mai ƙunshi. Tun tana budurwa take kwaɓa lalle, da shi ta yi kayan ɗakinta, da shi kuma take ci da marayunta tun rasuwar mijinta. Mace ce mai gudun abin kunya, ko maƙwabta za ta leƙa sai ta canza mayafi.

Autarta Bilkisu na aji ɗaya a sakandare ciwo ya kama ta. Da safe gaɓoɓinta su sage, yatsunta su yi fari in ta taɓa ruwan randa, har biro ya gagare ta riƙewa. Aka sha saiwoyi, aka yi tofi, shiru. Daga baya a asibiti aka ce su dawo ranar da likitan gaɓoɓin yara zai zo, don ba kullum ake samunsa ba, zai duba farcenta.

Saudatu ta dawo gida kanta a ɗaure. "Mi ya haɗa farce da gwiwa?" ta tambayi maƙwabta, ba wanda ya sani. Abu ɗaya dai ta gane, babban mutum zai kalli hannun 'yarta. 'Yar mai ƙunshi guda, a kai ta da hannu fari fat? Ai kuwa ta zauna ta ƙunsa mata jan lalle har gaɓar yatsu, ya kama ya yi jawur.

Ranar da suka koma asibiti, likitan ya ɗiga ɗan mai a gindin farcen, ya kafa wata 'yar na'ura mai fitila, ya leƙa, ya canza yatsa, ya sake leƙawa.

"Hajiya, wa ya sa mata lalle?"

"Ni ce, likita. Bai yi kyau ba?"

Ya ce kyau kam ya yi, amma akwai ƙananan jijiyoyin jini a fatar gindin farce, yanayinsu ke nuna irin ciwon da ke cin gaɓoɓin, lallen kuwa ya rufe su. Dole a jira sai lallen ya goge, sai kuma zuwansa na gaba.

Wallahi Saudatu abin tausayi. Ita da ta iya sa lalle ya kama, ba a taɓa koya mata fitar da shi ba. Da suka dawo gida, wannan maƙwabciya ta ce lemun tsami, waccan ta ce toka, Saudatu ta gwada duka har fatar yarinyar ta fara saɓulewa, sai ta ajiye soson tana kuka.

Bilkisu ta miƙo mata yatsun da ba sa miƙewa sosai. "Umma, ƙara gogawa. Ba zafi."