Layin da Yaya Bai Taɓa Zargi Ba

Yayana mutum ne da ko rana ka ce masa ta fito, sai ya leƙa taga. Tun muna yara muke kiransa Sai-Na-Gani, sunan kuma ya bi shi har wurin aiki. Ni ce ma na kai sunan can, ban kuma yi nadama ba. Matarsa ta ce shekara goma sha tara ke nan da aurensu, bai taɓa yarda ta kulle ƙofa ba sai ya tashi ya murɗa hannun ƙofar da kansa.

Kamfani ɗaya muke aiki, inda ake ƙera injin ƙyanƙyasar ƙwai. Ni ina ƙasa, cikin masu liƙa wayoyi a jikin ƙaramin allon da ke kula da zafin injin. Shi yana sama, a ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai ƙara, shi ke haɗa manhajar da ake zuba wa allon. Injiniyoyi suna rubuta ta gunduwa-gunduwa, sai a sa kwamfuta ta harhaɗa. Amma kafin ta fara haɗin, takan duba waɗansu 'yan layuka da ke ajiye a cikinta, kowanne da abin da yake gaya mata: ga inda kayan aiki suke, ga irin allon da za a yi wa, ga kaza ga kaza. Su ake kira saitunan muhalli. Ba a cikin rubutun manhajar suke ba, a jikin kwamfutar suke zaune. Saboda haka kwamfuta biyu za su iya karɓar rubutu ɗaya su fitar da abu biyu daban.

Waɗannan layukan Yaya ya sa wa ido. Kowace safiya sai ya sa kwamfutarsa ta zayyano su duka, ya buga a takarda, ya ɗauko ta jiya, ya shimfiɗa su kusa da juna yana bi da rula. In layi ɗaya ya canza, ranar kowa sai ya sha tambaya, har mai shara. Takardun kuwa ba ya zubarwa, kwali-kwali suke a kan kabad. Shekara shida ba a taɓa haɗa manhajar sayarwa a wata kwamfuta ba sai tasa, domin a ganinsa sauran duk hannu ya yi musu yawa.

Sai aka yi masa aikin ido, likita ya hana shi kallon kwamfuta na sati uku. Ana cikin haka injuna arba'in suka tashi fita, Manaja ya ce ba za a jira kowa ba. Ya ba Maman 'Yan Biyu aikin, injiniya ce mai natsuwa, ita ke riƙe da gidanta tun rasuwar mijinta. Ta haɗa manhajar a kwamfutar da kowa ke amfani da ita, ta gwada, fuskar injin ta nuna zafi daidai yadda ƙwai ke so. Aka loda injuna suka tafi.

Bayan sati uku waya ta fara ƙara. Masu kiwon kaji suna cewa ƙwai sun ƙi fashewa. Wani ya saka ma'aunin zafi na hannu a cikin injin, ya tarar zafin ya ɗara wanda fuskar ke nunawa da digiri biyu. 'Yan tsakin duk sun mutu a cikin ɓawo. Manaja ya ce tun da ake ba a taɓa ganin haka ba sai da wannan matar ta sa hannu, in ranar Alhamis ta zo babu bayani, ta kwashe kayanta. Ta sauko wurina lokacin hutun rana ta zauna, ba ta ci komai ba. Na ji tausayinta ƙwarai.

Yaya ya dawo da baƙin tabarau, kuma gaskiya, ɗan'uwana ne amma zan faɗa, har da ɗan jin daɗi a fuskarsa. Ya fara zargi ta ko'ina. Ya zargi masu kawo mana ma'aunin zafi. Ya zargi mai gyaran wuta. Ya sauko ya kwashe alluna biyar daga teburina yana duba liƙina da madubin ƙara girma, na ce masa ya gaida gida. Amma inda ya fi karkata shi ne Maman 'Yan Biyu. Kwana biyu yana bin rubutun manhajar harafi-harafi yana neman inda ta taɓa, bai samu ko ɗigo ba. Hakan bai wanke ta a wurinsa ba, sai ma ya ce ta iya ɓoye sawu.

Ranar Laraba da hantsi na hau karɓo allunana, sai ga ta ta shigo da takarda. Ta buga saitunan kwamfutar da ta yi aiki da ita, ta roƙe shi ya gwada da nasa. Ya ce nasa ba sa bukatar gwaji, kullum yana duba su.

"Da na jiya kake gwada su, Malam," in ji ta. "Na jiyan kuma naka ne."

Ya karɓi takardar kamar an miƙa masa abin wanke-wanke, ya ɗauko rula. Tata layi sittin da ɗaya, tasa sittin da biyu. Layin da ya yi ƙari shi ne ke gaya wa kwamfuta cewa sabon ma'aunin zafi ne a jikin allon. In babu shi, sai ta ɗauka tsohon ne, ta yi lissafin zafi a karkace.

Nan take ya ce wani ne ya goge layin daga waccan kwamfutar, kuma sai ya gano ko wane ne. Ya sa na sauko masa da kwalaye. Ya dinga komawa baya, wata bayan wata, yana neman ranar da layin ya shigo, don ya san wa aka ba alhakin saka shi ko'ina. Sai da ya koma shekara uku, lokacin da kamfani ya canza ma'auni. A gefen takardar ranar akwai rubutun hannu da jan biro: "Ni na sa a tawa. Na ɗan lokaci ne, zan mayar da shi babban fayil kowa ya samu." Rubutun da nake gani ne tun a littattafansa na makaranta.

Bai taɓa mayarwa ba. Daga ranar layin ya zama ɗan gida, jiya yana nan, yau yana nan, rula ta dinga wucewa ta kansa.

Ya ce wa Maman 'Yan Biyu ta ba shi wuri zai yi tunani. Da ta fita ya cire tabarau, ya ce ai in ya gaya wa Manaja an samu saiti da ya ɓace a waccan kwamfutar, bai yi ƙarya ba. Na san bai yi ba, na kuma san wa maganar za ta kayar.

"Yaya," na ce, "ni dai na ga jan biron."

Ya daɗe yana kallon fanka.

Da safen Alhamis ya ɗauki takardar mai jan biro ya shiga ofishin Manaja. Abin dariya, Manaja ya ƙi yarda. Ya ce ya san Sai-Na-Gani ba ya kuskure, tausayin marayu ne ya sa yake so ya ɗauki laifin wata. Dole Yaya ya zauna a gabansa ya haɗa manhajar sau biyu, da layin da kuma babu shi, ya saka ma'aunin hannu, yana gumi yana kafa hujja a kan kansa. Ban taɓa ganin ya sha wuyar shawo kan mutum irin ta ranar ba.

Maman 'Yan Biyu tana nan a kujerarta. An mayar da layin babban fayil ɗin da kowace kwamfuta ke ɗaukar saiti daga ciki, an karɓe haɗin manhaja daga ɗakin Yaya, kuma shi aka tura ya bi masu kaji ɗaya bayan ɗaya yana gyara injuna yana shan magana. Har yanzu yana buga takardarsa kowace safiya, sai dai ya daina ɗauko ta jiya, teburinta yake kai ta su gwada da tata.

Matarsa ta ce a gida ma bai daina tashi ya murɗa hannun ƙofa ba. Amma yanzu in ya gama, sai ya tsaya a wurin ya kira ta.

"Zo ki duba mini ko na kulle."