Tabawa ta Bayan Danga

A daminar da na shiga aji uku, wata Laraba da hantsi, maciji ya sari Baba a gonarmu ta gero da ke hanyar Minjibir. Aka ɗauko shi a amalanken shanu, ƙafa ta kumbura suntum. Ina tsaye a ƙofar gida sai ga Iya Tabawa, tsohuwar da danga kawai ta raba gidanmu da nata, ta fito a guje, ba mayafi ba takalmi. Tana isowa bakin zaure ta ja ta tsaya cak. Ba ta shiga ba, ba ta tambayi jikinsa ba, ta juya ta koma. Muka ce lallai ƙiyayyar matar nan ta kai intaha.

Haka muka taso muna ganinta. Ba ta taɓa kama sunan Baba ba, in ya gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa wa danga. Mu ma ba mu tsira ba. In ƙwallonmu na tsumma ya faɗa gidanta, sai mun sha faɗa a kan kaushin ƙafafunmu kafin ta jefo shi. Ko langa muke yi a dandali, tsawarta na biye da mu, kullum da magana ɗaya: "Ku bi duniya a hankali." In an aike ni ɗebo ruwa a rijiyarta, ba ta barina in ja guga, ita za ta ja da tsufanta. Ni kuwa na ɗauka rowar igiya ce.

A makaranta hedimasta ya liƙa mana sunan Baba, Ajuji, wanda har yau 'ya'yana ke amsawa. Yara suka yi ta tsokanarmu da shi har muka gaji da dambe. Kakarmu Hajjo ta ce sunan 'yan wabi ne, wai uwar da 'ya'yanta ke ta mutuwa kan ajiye jariri a juji don mutuwa ta raina shi ta wuce. Don wauta, ba wanda ya tambayi yadda Hajjo mai 'ya'ya cike da gida ta yi wabi.

Bara ɗana Sadiƙu da ke karatu a ƙasar waje ya yi gwajin nan na DNA, wanda ake tofa yawu a 'yar kwalba a gano asalin mutum. Don nishaɗi suka yi shi tare da abokinsa Nura, jikan 'yar Tabawa guda da ta rayu. Sakamako ya nuna jininsu ɗaya, kusa ƙwarai. Na yi dariya a waya, amma maganar ta tsaya mini a rai. Na hau mota sai ƙauye, wurin Goggo Asabe, yayar Baba, wadda ita kaɗai ta rage a manya. Tana jan carbi ta ce mini Tabawa ce ta haifi Baba, bayan ta binne 'ya'ya a jere. Ta kai shi juji, Hajjo da ke goyo a lokacin ta ɗauke shi bisa al'ada, da niyyar mayarwa bayan arba'in.

"Da aka kai mata shi ta ƙi karɓa," in ji Goggo. "Ta ce ranar da ta kira shi nata, ranar mutuwa za ta zo ta ɗauke shi. Jahilcin da ne, Allah Ya yafe musu."

 Da ƙyar na tambaya ko Baba ya sani, ta girgiza kai. Ashe ranar da Tabawa ta rasu, Baba ya haƙa kabarin mahaifiyarsa ne a matsayin maƙwabci, ya wanke hannu ya koma gonarsa.

A da mata biyu kan haɗiye magana irin wannan har ƙasa ta rufe su, yau kuwa yawun yaro ya isa ya tone ta daga wata uwa duniya. Gidan Tabawa ya zama kango, wani ya shuka kuɓewa a ciki. Yanzu na san kakata, sai dai babu ƙofar da zan je in yi mata sallama.