Ƙarfen da Aka Kafa a Wurin Alwala

Har yau in na ji ƙaurin roba tana ƙonewa sai tsigar jikina ta tashi. Kai mai karatu ka iya cewa ƙauri ne kawai, amma ni gidanmu na Katagum yake mayar da ni, wata damina a shekarun dubu biyu da 'yan kai, ina 'yar firamare.

Kakana yana da rediyo mai gajeren zango, kuma ba labarai ne suka dame shi ba. Baffana, ɗansa na fari, ya tafi Makka neman aiki tun ina goye, daga baya labarinsa ya ɗauke ɗif. Wani ya gaya wa tsohon cewa can ƙarshen layin rediyo ana jin matuƙa jirgin sama suna magana, shi ke nan ya ɗora rai. Muryoyin ba sa fita, kamar mutum ya tura kai cikin tulu yana magana, amma sai ya kasa kunne ya ce, "Wannan daga gabas yake, amarya. Wa ya sani ko baffanki yana ciki." Ni ce amaryar, irin tsokanar kaka da jika, ni ce kuma mai murɗa masa, don idonsa ya yi rauni.

Mai gyaran rediyo a kasuwar Azare ya ce eriyar jikin rediyon ba za ta jawo jirgi ba, sai doguwar wayar tagulla. Aka ɗaura ta a ƙololuwar tsamiyar gidanmu, aka shigo da ita ta taga. Mai gyaran ya kuma ja kunne: a kafa ƙarfe a ƙasa mai danshi, hadari na haɗowa a cire wayar daga rediyo a maƙala ta jikin ƙarfen, in aradu ta faɗo ta bi ta shige ƙasa. To ina ke da danshi rani da damina a gidan malami? Wurin alwala. Nan aka kafa shi, dab da dutsen da Kakana ke tsugunawa, kowa yana yaba dabarar.

Kakata kaɗai, Bafulatanar Giade, ba ta yaba ba. "Malam, kana ta kiran sama da igiya, wata rana za ta amsa."

Ranar, dab da la'asar, gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta tsaya cak, kaji suka shige akurki da kansu. Na cire wayar na maƙala a ƙarfe kamar yadda aka koya mini, Kakana kuwa ya ɗauki butarsa ta roba ya tsuguna a gefenta. Rediyon yana ɗaki a kunne. In babu waya, ba ya kama komai a layin nan sai shuu, wannan na san shi sarai.

Sai murya ta fito daga ɗakin. Ba irin ta cikin tulu ba, tar da ita, muryar namiji. Ta ce, "Baba." Ta sake cewa, "Baba."

Kakana ya miƙe da ƙafa ɗaya a wanke, ya nufi ɗaki yana laluben bango. Ya sa kai ke nan duniya ta yi fari fat. Ban ma ji ƙarar ba, sai ganina na yi zaune a ƙasa kunnena yana kuka. Tsamiya ta tsage, wayar ta ɓace, butar ta narke ta manne da dutsen tana hayaƙi.

Kakata ta hana kowa matsawa sai da ta kwarara madara a wurin, kamar yadda ake yi inda aradu ta taɓa. Na shiga ɗaki na iske Kakana rungume da rediyon da ke ta shuu.

"Kin ji shi, amarya?"

Na ce na ji.

Ya ce, "Mai rai sai da waya yake shigowa. Wannan ba waya ya zo."

Washegari ya sa aka yi sadaka, liman ya yi wa baffana sallar gawa ba gawa. Bai sake cewa in murɗa masa ba har ya bar duniya, kuma labarin baffana bai taɓa zuwa ba.

Yanzu da salula ana ganin fuskar mutum yana Jidda. Na girma na gane cewa irin ƙarfen nan nesa da mutane ake kafa shi, na gane dalilin narkewar buta, muryar ce kawai ba wanda ya iya yi mini bayaninta. Ƙarfen yana nan ya yi tsatsa, ba mai alwala a wurin. In hadari ya haɗo da la'asar kashe salulata nake yi, kuma ba aradu nake tsoro ba. Tsoro nake kada in ji an ce, "Amarya."